Shawarwarin da aka tattara a Jos kan kasuwancin taimakon talaka

A wani zama da ƙungiyoyin mata da matasa suka yi a Jos, an tattauna kan kasuwancin da ake kafawa don amfanin jama'a, wanda ribarsa ke komawa cikin aikin.

Shawarar da ta fi rinjaye ita ce a nemo mai saye kafin a raba jari. Wata dattijuwa ta ce an sha koya wa mata haɗa sabulu, kowace ta jibge kwali a ɗaki, babu mai taya shi. Gara a dubi abin da ke kusa: tumatirin da ke ruɓewa a kasuwar Farin Gada idan ya yi yawa, a yanka, a shanya, a adana sai ya yi tsada.

Kan jari, an kawo misalin bankin Grameen na Muhammad Yunus a Bangaladash, wanda ya ci kyautar Nobel a 2006 saboda bai wa talakawa, yawanci mata, rance ba jingina. Ni dai ina ganin adashinmu ya isa mafari, muddin akwai littafin lissafi, kuma kuɗin sana'a bai shiga cefane ba. Masu gudun kuɗin ruwa suka ce a yi yarjejeniyar raba riba.