Yarona ɗan shekara 9 ya tambaye ni mene ne kaftagon, ya zan yi?

Maman Walid (Makka): Slm ƴan uwa, dan Allah shawara nake nema. Walid yana aji uku ibtida'i (firamare), jiya ya dawo daga madrasa ko jaka bai ajiye ba wai Umma mene ne kaftagon, wlh sai da gabana ya faɗi, ashe a bakin bakala (shagon unguwa) ya ji manyan yaran unguwa suna hirar wannan ƙwayar mayen. Ni dai na ce masa je ka wanke hannu ka ci abinci. Babansa ya ce a bar maganar, wai in ka yi wa yaro bayani kamar ka nuna masa hanya ne. To ni hankalina bai kwanta ba, a yi shiru ko a faɗa masa?

Hajiya Babba: Wa'alaikumus salam. Ƴata, wanda ya tambaya ai ya riga ya ji, in kika yi shiru can bakalar zai koma a ba shi amsa, kuma ba irin taki ba. Ni nawa jikokin ban taɓa zaunar da su ina lissafa musu sunayen ƙwayoyi ba. Abu biyu na kafa musu, magani daga hannun uwa ko likita kaɗai, ko Panadol ne, sannan ba a karɓar saƙo a kai wa wani ko da an ce ga riyal goma ka sayi askirim. Na biyun nan ya fi tsorata ni, don yaro ake nema ya ɗauki kaya saboda ba mai zarginsa. Kin tuna ɗalibar nan ƴar Najeriya da aka kama a Madina ƙarshen 2018, jaka aka maƙala wa sunanta akwai tramadol a ciki, sai 2019 aka sake ta bayan an gano ba ruwanta. Babba kenan fa, balle yaro.

Abu Fahad_Jidda: Gaskiya Hajiya ta gama magana, sai dai Maman Walid ni ina ganin ki nuna masa kamanninta. Ƴar ƙaramar ƙwaya ce mai tambarin jinjirin wata biyu, shi ya sa Larabawa ke ce mata abu hilalain, a shekarun baya yawanci daga Siriya aka riƙa shigo da ita. Lokacin jarrabawa aka fi yaudarar ɗalibai da ita wai tana hana barci a yi karatu, tana hana barcin kam, daga baya ta bar mutum da faɗa da zargin kowa. Ki ce masa guba ce mai kama da magani, shi ke nan, ɗan shekara tara zai gane. In kuma kin ga ana sayarwa a unguwarku 995 ake kira, lambar hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta Saudiyya.

Ummu Rayyan: Hmm kiran nan fa Abu Fahad, wanda iƙamarsa (takardar izinin zama) ba ta cika ba ai ko sallamar ɗan sanda ba ya so, mu faɗi gaskiya. Ni dai Maman Walid ki fara da mai gidan, ku zama baki ɗaya, kuma kar ki daka wa yaron tsawa in ya kawo irin wannan tambayar, yau kika kore shi gobe ba zai dawo ba.

Maman Walid: Na gode Allah ya saka. Zan bari baban ya dawo daga sallar isha mu zauna mu uku. Abu Fahad hoton fa, in nuna masa a waya ko in kwatanta da baki kawai?