Neman kalma: me za mu kira sana'ar Jerry Sadowitz?

Mai fassara: Assalamu alaikum, malamai. Ina fassara rahoton da za a karanta a rediyo gobe da safe kan Jerry Sadowitz, wanda aka haifa a Amurka a 1961, ya tashi a birnin Glasgow na Scotland. Sana'a biyu ya haɗa: yakan tsaya shi kaɗai gaban jama'a ya ba su dariya da baki, abin da Turawa ke kira stand-up, kuma gwani ne wajen ɓatar da katin karta a gaban idon mutum. A watan Agustan 2022 masu dandalin Pleasance suka soke wasansa na biyu a bikin wasanni na birnin Edinburgh, bayan ƙorafin cewa ya yi kalaman wariyar launin fata da cin mutuncin mata. Wane suna zan ba kowace sana'a?

Malamar Hausa: Wa alaikumus salam. Ta biyun ba ta da wuya, ɗan dabo ne ko mai rufa-ido. Kada dai ka ce matsafi ko mai sihiri, domin mai sauraro zai ɗauka da aljanu yake aiki, alhali saurin hannu ne kawai. Ta farkon kuwa, mai barkwanci.

Bakatsine: Malama, mai barkwanci ya yi faɗi, domin kowace majalisa tana da nata. Ni na daɗe ina cewa "tsayayyen barkwanci", kuma ɗalibaina sun karɓa.

Baba na Damagaram: Yaro, a Hausa tsayayye shi ne wanda ba ya tanƙwaruwa, ba wanda yake a tsaye ba, don haka Turanci ka yi da baƙaƙenmu. Muna da ɗan kama, wanda ke tsayawa a kasuwa yana kwaikwayon wa'azin malamai da zancen tuwo da miya. Me ya sa kullum sai mun raina abin gida?

Bakatsine: Baba, Allah ya ba ka haƙuri, ba raini ba ne. Amma in har sai kalma ta tsufa a kasuwa za a amince da ita, yaushe harshen zai ƙaru? Da Bature ne ya ƙirƙira, da ba a yi gardama ba.

Malamar Hausa: Ɗan kama ba zai zauna ba, domin shi raha yake yi kowa ya tashi da fara'a. Sadowitz kuwa a birnin Montreal na Kanada a 1991 ya buɗe wasansa da zagin mutanen Kanada, har wani ɗan kallo ya hau dandamali ya buge shi ya suma.

Baba na Damagaram: To ai ɗan gambara kike bayani, mai zambo da batsa.

Malamar Hausa: Halin ya yi kama, Baba, sai dai ɗan gambara da gangarsa yake yawo yana roƙo, shi kuwa wannan tikiti ake saye a shiga zaure a saurare shi.

Mai fassara: Na gode ƙwarai. Zan rubuta "mai barkwancin dandamali kuma ɗan dabo", in ƙara da cewa ya yi ƙaurin suna wajen baƙar magana.

Bakatsine: Kalma uku a inda biyu suka isa. Yi amfani da ita gobe tunda lokaci ya ƙure maka, amma ni ban janye tawa ba.