Jakar barci mai gashin agwagwa: wa ya taɓa kwana da ita a sanyi na gaske?

Ɗan Runjin Sambo:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. In Allah ya yarda, ƙarshen watan Janairu mu uku za mu tafi Tanzaniya hawan Dutsen Kilimanjaro ta hanyar Machame, kwana 7. Kuɗin jirgi da na masu jagora duk an biya, takalma ma na samu. Abin da ya tsaya mini a rai jakar barci ce, wadda ake shiga cikinta a kwanta saboda sanyi. Masu kai mu sun aiko da takarda cewa kowa ya zo da wadda za ta ɗauki sanyin digiri 10 ƙasa da sifili. Ni kuwa ɗarin da na sani shi ne na hunturun Sakkwato, wanda ko ya yi tsanani da asuba da wuya ya sauka ƙasa da digiri 12, a hakan ma ana hura wuta a ƙofar gida.

Na ga guda biyu. Ɗaya wajen masu gwanjo a Babbar Kasuwa, mai gashin agwagwa, an rubuta −18 da manyan baƙi a jikin buhunta, kuɗinta da sauƙi. Ɗayar sabuwa ce a intanet, ta ninka ta kusan sau biyar, amma −9 aka rubuta mata. Hankalina ya fi karkata ga ta gwanjon. Kafin in biya, don Allah wanda ya taɓa kwana a irin wannan wuri ya faɗa mana abin da ya same shi.

Injiniya, Gawon Nama:

Wa alaikumus salam ƙanena. Kada ka biya tukuna. Wannan lambar ta −18 ita ta kusa hallaka ni, a kan dutsen nan da za ka hau.

Jakar kirki lamba uku take da su, ana ɗinka su kusa da zif ko a wajen ƙafa, tare da alamar gwajin ISO 23537, ko EN 13537 in tsohuwa ce. Yadda suke gwajin, mutum-mutumi ne mai ɗumi ake sa wa doguwar rigar ciki da safa, a kwantar da shi cikin jakar a kan shimfiɗa a ɗaki mai sanyi. Lamba ta farko ita ce inda mace za ta yi barci a sake. Ta biyu inda namiji zai iya barci amma a dunƙule. Ta uku kuwa ba ta barci ba ce sam, ma'anarta mutum zai kai awa 6 bai mutu ba, ko da yatsunsa sun ƙone da sanyi. To masu talla wannan ta ukun suke bugawa da manyan baƙi.

Tawa −20 aka rubuta. Daren farko cikin kurmi lafiya lau, har gumi na yi. Muna hawa tana gazawa, don kowace mita 1,000 da ka hau, sanyi na ƙaruwa da kusan digiri 6 da rabi. Da muka isa sansanin Barafu, sama da mita 4,600 (kalmar ma da Suwahili ƙanƙara take nufi), na shiga da rigar sanyi biyu da wando biyu, amma haƙorana na haɗuwa har wanda muke tanti ɗaya ya tashi ya haska ni. Gorar ruwan da na bari a bakin tanti ta daskare. Sha biyun dare aka tashe mu don hawan ƙarshe zuwa Uhuru, ƙololuwar dutsen, mita 5,895, ni ko runtsawa ban yi ba. Ban kai ba. Da gari ya waye aka sauko da ni, wani ɗan dako yana riƙe da hannuna. Sai a masauki a Moshi, garin da ke gindin dutsen, na duba ƙaramar takardar ciki, na ga lambar farko 0 ce.

Mu mutanen zafi ne, jikinmu bai saba ba. Ka auna kanka da lambar farko, ka manta da sauran biyun. Je ka tambayi mai ta intanet ɗin ko −9 ɗinsa wacce ce a cikin ukun.

Ɗan Runjin Sambo:

Subhanallahi. Yaya, Allah ya saka da alheri, sannu da wahala. Na tambaye shi yanzu, ya turo hoton takardar: −9, −16, −36. Ke nan ta farkon ce.

Direba, Illela:

Ni ban san dutsen Tanzaniya ba, amma na yi shekaru ina bin hanyar Ƙonni, Tawa, har Agadas, kuma na kwana cikin duwatsun Abzin lokacin jaura. Abin da za ni ƙara, ɗari daga ƙasa yake fara cin mutum. Wani Bature da munka ɗauko ya bar mini jakarshi mai gashi, nai ta murna. Daren da na fara gwada ta, na shimfiɗa ta bisa yashi haka nan ba komai. Sama ɗumi, baya kamar an kwantar da ni bisa ƙarfe. Gashin da ka danne da nauyinka ya lafe, ba ya riƙe komai. Buzayen da muke tare tabarma da buzu sunka shimfiɗa, da bargo guda, sunka yi barcinsu har asuba. Tun ranar ban sake kwana ba sai da abu mai kauri ƙarƙashina. Ka nemi shimfiɗa tare da jakar, in ba haka ba ka zubar da kuɗinka.

Injiniya, Gawon Nama:

Gaskiyar Alhaji ce. Shimfiɗun ma suna da lambarsu mai nuna yadda suke tare sanyin ƙasa, ana rubuta R a gabanta. Don wajen Barafu ka nemi R 4 ko sama. In ba ta samu ba, haɗa ta soso da ta hurawa, lambobin nasu taruwa suke yi.

Likitan dabbobi, Arkilla:

Bari in kawo ɗaya gefen, don kada a ɗauka gashin agwagwa ba shi da aibu. Na yi aikin rigakafin shanu a tsaunin Mambila, muna kwana a rugage tsakanin Gembu da Nguroje, sau ɗaya ma mun je har gindin Chappal Waddi, dutsen da ya fi kowane tsawo a Najeriya, mita 2,419. Can ba ƙarfin sanyin ne matsala ba, laima ce. Hazo na ruwa yana sauka tun la'asar, ciyawa jiƙe, tanti yana ɗiga daga ciki saboda numfashinku.

Jakata mai gashi ce mai tsada. Kwana na farko kamar aljannar duniya. Kwana na uku na lura ta daina kumbura, na huɗu kuwa na ɗaga ta a haske na ga gashin ya cure guri-guri kamar audugar da ruwa ya daka, tsakaninsu fili, ƙyalle kawai. Babu ranar da za a shanya ta. Abokin aikina da ke da ta zaren roba, mai nauyi, mai cika jaka, wadda ba ta kai rabin kuɗin tawa ba, shi ya riƙa barci. Ta roba ko ta jiƙe tana riƙe ɗan ɗumi, kuma tana saurin bushewa.

Saboda haka duk mai nufin Mambila ko Obudu da damina, ta roba zan ce ya saya. Kai mai zuwa Kilimanjaro, sama busasshe ne, mai gashi ta fi maka: ba nauyi, kuma tana matsuwa ta zama kamar ƙwarya. Sai dai ranar farko ta Machame cikin kurmi za ku bi, ruwa na iya sauka ko da rani ne. Ka sa ta cikin leda mai kauri ka ɗaure bakin kafin ta shiga jakar da 'yan dako za su ɗauka. Kuma komai sanyi kada ka cusa hanci da baki ciki, tururin numfashinka ne zai jiƙa ta. Ja igiyar hular ta rufe kai da kunne, ka bar fuska waje.

Mai gwanjo, Tsohuwar Kasuwa:

Sana'ata ce, don haka zan faɗi gaskiya ko da ta taɓa kasuwarmu. Cikin dila akan samu ta kirki, amma dila da inji ake matse ta, kuma tana iya yin watanni a haka kafin ta iso nan. Gashi in ya daɗe a danne, wani ba ya sake tashi.

In za ka sayi ta hannu, kada ka yarda a nuna maka cikin buhu. A zazzage ta, ka kaɗa, ka shimfiɗa bisa tebur, ka tafi ka yi sallah ka dawo. Mai rai za ka tarar ta tashi ta yi tozo, kaurinta ya kusa tsawon tafin hannu. Ka ɗaga ta ga rana ka duba inda haske ke ratsawa. Ka murza da yatsa: in kana jin tsinke-tsinke, gashin fiffike anka cika, ba lallausan na ƙirji ba. Takardar takan nuna 90/10 ko 80/20, lambar farko ita ce lallausan. Ka shinshina, in tana warin ruma bar ta. Sannan ka ja zif ɗin sama da ƙasa sau uku. Wagga ta −18 da kake faɗi, in ba ta da lambobi ukun da Injiniya ya ce, ka saye ta don kwanan gona ko zuwa Jos, ba don wancan dutsen ba.

Malama, Jami'ar Ɗanfodiyo:

Na yi karatu a Sikotland, mun sha fita kwanan daji da ɗalibai, kuma ni mai jin sanyi ce ƙwarai. Abu biyu suka ruɗe ni da farko.

Na ɗaya, lambar nan ta 600, 700 ko 800 da ake rubutawa. Na ɗauka mai 800 dole ta fi ɗumi. Ashe ita kumburin gashin kawai take nunawa, wato yawan wurin da giram 28 nasa zai cika. Ɗumi kuwa sai an haɗa da yawan gashin da aka zuba. Giram 800 na mai lamba 650 ya fi giram 350 na mai lamba 850 ɗumi nesa ba kusa ba, sai dai ya fi shi nauyi. Tunda 'yan dako ne za su ɗauki kayanka, kada ka biya kuɗin rashin nauyi da ba ka buƙata.

Na biyu, girma. Na ari ta wata doguwar ƙawata, ƙafafuna suka kwana suna ɗumama iskar banza. Washegari na cusa rigata ta cike wurin, aka samu sauƙi. Ta yi maka daidai, mai tsukewa wajen ƙafa, mai hula, da wani kumburarren ƙyalle da ke zagaye wuya, da wani da ke bin bayan zif. In kai dogo ne irin mutanenmu, duba tsawon kafin ka biya, don in ƙafa na tokare ƙarshenta gashin wurin zai lafe.

Wata dabara da ta cece ni: ruwan zafi a gora mai ƙarfi, a rufe sosai, a sa cikin safa, a ajiye tsakanin cinyoyi. Kuma ka ci wani abu kafin ka kwanta, ko dabino da gyaɗa ne. Jakar ba ta da wuta, ɗumin jikinka take tsarewa.

Ɗan Runjin Sambo:

Na gode Malama. Wani abu kuma da abokin tafiyata ya tayar: gashin nan ba mu san yadda aka yanka tsuntsayen ba. In mun kwana ciki, kayan jikinmu sun yi sallah?

Almajiri, Kanwuri:

Abin da munka karanta a babin tsarki na Muhtasar Halil, ulu da gashi da lallausan gashin tsuntsu masu tsarki ne ko da na mushe ne, in yanke su anka yi. Abin da ke da najasa shi ne ƙashin gashin, wato tsinken da ke shiga cikin fata. Wanga kuma yana cikin ƙyalle a ɗinke, busasshe, ba ya taɓa jikinka, kuma ba da jakar za ka yi sallah ba. Ka ƙara tuntuɓar malaminka don zuciya ta natsu.

Hajiya, Mabera:

Ɗana, ni ban hau dutse ba, amma ni ke ajiyar ta maigidana, kuma ta farko a hannuna ta lalace, har yau abin na damuna. Da ya dawo na cusa ta cikin ɗan buhunta na jefa saman sif, ɗakin kwano, ta ci zafin Afrilu da Mayu biyu a matse. Da aka buɗe ta zama kamar zanen gado. Na ce bari in wanke ko ta farfaɗo, na zuba garin sabulu na murɗe ta kamar atamfa, ɗinkin ciki ya yage, gashin ya taru wuri ɗaya.

Ta yanzu na sa tela ya ɗinka mata babban buhu na yadin auduga, tana ciki a sake, a rataye inda ɓera ba ya kai. Wanki sau ɗaya na yi mata: baho, ruwa mai ɗumi-ɗumi, sabulu marar ƙarfi ɗan kaɗan, dannawa kawai ba murɗa ba, ɗauraya har ruwan ya fita tas. Na kwantar da ita bisa gadon ƙarfe a inuwa, ina bi ina warware curin da yatsa. Iskarmu ta rani ta busar da ita cikin kwana 2. In ka dawo ka shanya ta kafin ka ajiye, ko da kana ganin a bushe take.

Injiniya, Gawon Nama:

Na manta ban faɗa ba, a Moshi ana ba da hayarsu. In tafiya ɗaya ce za ka yi, hanya ce, amma ka buɗe ka gwada kamar yadda mai gwanjo ya ce, kuma ka tafi da zanen ciki naka na kanka.

Ɗan Runjin Sambo:

Allah ya biya ku duka. Na koma kasuwa da la'asar, mun shimfiɗa ta gwanjon, na je na yi sallah na dawo, ko yatsa uku ba ta tashi ba, kuma babu takardar gwaji a jikinta. Na bar ta. Na biya mai −9 ɗin, giram 850 na gashi ne a ciki, an ce za ta iso cikin mako 2. Abokan tafiyata su biyu sun ce haya za su yi. Saura shimfiɗa: wanda ya san inda zan samu mai R 4 a Sakkwato ko Kano, ko wanda ke da ita zai ara mini zuwa tsakiyar Fabrairu, ya yi mini magana.