Eurostile a allon mota: ado ne ko haɗari?

Injiniya: Ni ra'ayina na nan daram. Duk na'urar da ake so a gani a san fasaha ce, allon gaban mota ne ko injin asibiti, haruffan salon rubutun da ake kira Eurostile suka dace da ita. Mai zanen haruffa Aldo Novarese ya fitar da shi a Italiya a 1962, a kan tsarin wani salon haruffa, Microgramma na 1952. Haruffan murabba'i ne masu lanƙwasassun kusurwoyi, babu wutsiya babu ƙwalisa, tamkar gilashin talabijin na wancan zamani.

Malama: Injiniya, kyan gani daban, saurin karantuwa daban. Rubuta 3, 6, 8, 9 da shi a jere, ka rage girmansu, ka ja da baya taku biyu. Duk faɗinsu ɗaya, bakin 6 da 9 ya kusa rufewa, sai su koma 8. Haka c da e da o. Direban da ke gudu ba shi da lokacin tantancewa.

Ɗalibi: Malama, a gafarce ni, amma allon ƙarfen da 'yan sama jannatin Apollo 11 suka bari a duniyar wata a 1969 ai da Futura aka rubuta shi, wani salon haruffa marar wutsiya kamar Eurostile. In NASA, hukumar sararin samaniyar Amurka, ta aminta da irin waɗannan haruffa, mu fa?

Malama: Gaskiyarka, da Futura ne, na Paul Renner, Jamus, 1927. Sai dai manyan baƙaƙe ne zalla, layi kaɗan, kuma a tsaye ake karanta shi. Ni maganar kallon ƙiftawar ido nake. A 2012 cibiyar AgeLab ta jami'ar MIT da ke Amurka da kamfanin haruffa na Monotype sun sa mutane tuƙin gwaji, suka gwada Eurostile da wani salon haruffa, Frutiger, a allo. Da Frutiger, mai buɗaɗɗen baki, lokacin da maza ke ɗauke ido daga hanya ya ragu da kusan kashi 10 cikin 100. Wannan rai ne, ba ado ba.

Injiniya: Ki ƙarasa mana, Malama: a wajen mata bambancin bai taka kara ya karya ba.

Malama: Ko maza kaɗai ne, ba a hanya ɗaya muke da su ba?

Mai zanen tambari: Ku duka kuna da hujja, amma na fi karkata ga Malama. Eurostile da mai kama da shi, Orbitron, suna haskakawa a tambari, kanun talla, wasannin kwamfuta, inda kalmar gajera ce kuma babba. Da zarar rubutu ya yi tsawo sai ido ya gaji. In kamannin fasaha kake so, Injiniya, ga haruffan DIN 1451 da Jamus ke sawa a alamomin titi.

Injiniya: To, gargaɗi da lambar gudu ku ɗauka. Sunan motar da ke jikin sitiyari kuwa ban sallama ba.

Malama: Wannan naka ne, babu mai karanta shi yana gudun kilomita 120.