Toshe ramukan iskar famfon hayaƙi a injin 2F: yaya ake yi ba tare da an lalata zare ba?

Ɗan Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Land Cruiser FJ60 ce ta 1984, ƙirar kasuwar Amurka, injin 2F. Famfon iskan nan da bel ke juyawa ya ƙame, bututun ƙarfen da ke rarraba iska zuwa kan injin kuma tsatsa ta huda shi, yana tas-tas kamar salansa ta fashe. Ba a samun sabo a Sabon Gari. Ina son a toshe ramukan shida da bututun ke shiga a kan injin. Da me ake toshewa, kuma me zan kiyaye?

Malam na Kwangila:
Wa alaikumus salam. Aikin famfon shi ne tura iska bayan bawul ɗin hayaƙi don ragowar fetur ya ƙarasa ƙonewa kafin ya fita. A Kalifoniya aka fara tilasta irin wannan a 1966, sauran Amurka ta bi a 1968. Ƙarfin da yake ci kaɗan ne, don haka wanda nasa ke aiki ya bar shi, yana rage gubar da muke shaƙa. Naka da ya mutu kuwa toshewa ta fi, domin in bawul mai hana iska komowa ya lalace, hayaƙi mai zafi ne ke bi ta baya yana ƙona tiyo.

Wahalar duk a wajen kwancewa take. Notin da ke riƙe bututun a kowane rami ya yi shekara arba'in yana shan wuta. Ka jiƙa shi da man kwance tsatsa safe da yamma, kwana biyu ko uku. Tunda bututun ya riga ya mutu, yanke shi dab da notin, ka samu ka zura soket mai kusurwa shida. Sufana mai buɗaɗɗen baki cinye kan notin take yi. In ya ƙi, a ɗumama ƙarfen da ke kewaye da shi da wutar gas, bayan an kawar da tiyon fetur, sannan a ɗan ɗaure kaɗan kafin a kwance, gaba da baya, a hankali. Wanda ya sa dogon faif ya danna da ƙarfi, notin zai karye a ciki, daga nan sai sauke kan injin.

Shawarata: kada ka nemi sabon abin toshewa ma. Ka kai tsofaffin notocin wajen mai walda ya cike ramin tsakiyarsu, ka mayar da su inda suka fito. Zarensu na wurin ne, babu gwaji.

Oga mai injin gyaran ƙarfe:
Gaskiyar Malam ce, kuma ga dalili. Zaren faif na kwata inci iri biyu ne da ido ba ya rabewa: na Amurka tsini 18 ne a kowane inci, na Ingila 19. Ga na mita, M14 da 1.5, kaurinsa kusa da su. Kowanne zai shiga zagaye biyu lafiya lau, a na uku ya fara cin zaren kan injin. Kuma kowace mota da nata: motar MGB ta Ingila, alal misali, 7/16-20 ne, wato kauri 7/16 na inci, tsini 20 a kowane inci. In dole sai sabo, kawo noti ɗaya a auna da ma'aunin zare, ko a fafe maka shida daidai da shi.

Abin toshewa na ƙarfe za ka sa. Ban da alminiyam, ban da farin murfin famfon ruwa na masu aikin gini. Farin tef ɗin famfo ma kada ya je wurin: bai kai digiri 350 na Salsiyos yake narkewa ba, hayaƙin kuma yana wuce 600. Giris mai jan ƙarfe ake shafawa. Tsawonsa kada ya leƙa cikin hanyar hayaƙi. In mai tsukakken baki ne, ɗaure da hannu, ka ƙara zagaye ɗaya zuwa ɗaya da rabi ka tsaya, don yana iya tsaga ƙarfen zubi.

Abin da aka fi mantawa: burbushin tsatsa da ya faɗa ramin, in bawul a buɗe yake, silinda zai shiga. Juya injin har fistin ɗin ramin da kake aiki a kai ya hau sama bawul biyu a rufe. Jerin wutarsa 1-5-3-6-2-4 ne, sai ka bi su a haka. In za a wanke zaren da taf, wato ƙarfen da ake yanka zare da shi a cikin rami, a cika shi da giris ya kama dattin.

Ɗan Tudun Wada:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. To famfon fa, in cire shi gaba ɗaya?

Malam na Kwangila:
Dakata tukuna. A FJ60 da famfon ake ɗame bel, in ka cire shi bel ɗin ya rasa abin jingina. Ko a buɗe shi a fitar da fukafukan ciki a bar shi yana juyawa fanko, in boris ɗinsa na da kyau, ko a kafa fuli a madadinsa a layi ɗaya da sauran. Duba famfon sitiyari da ke samansa, yoyon mansa ne yawanci ke kashe shi.

Sai tiyoyi. Duk ƙaramin tiyon da ke zuwa bawul ɗin karkatar da iska a rufe bakinsa ta ɓangaren injin, in ba haka ba iska ta ɓarauniyar hanya za ta shiga, silo ya riƙa rawa, a yi ta zargin kafireto. Babban bakin da ke jikin gidan matatar iska shi ma a toshe shi tam. A bar shi a buɗe cikin ƙurar hunturun Zariya, injin zai sha ƙasa kai tsaye.

In tukunyar tace hayaƙi na nan a salansa, iskar famfon take dogaro da ita, tana iya toshewa daga baya, motar ta riƙa nauyi a hawa. Bayan an gama, a tayar da injin da sanyi a saurari kowane rami. Baƙin toka a gefen noti alamar yoyo ce. In ya yi zafi ya huce sau biyu, a sake taɓa su da soket.