Wane suna za mu ba manyan mazarin nan na Anax?

Malamar Kimiyya: Salamu alaikum 'yan uwa. Ina shirya darasin ƙwari da Hausa, na zo kan Anax na tsaya. Jinsi ne na manyan mazari, wani masanin dabbobi ɗan Ingila mai suna Leach ya raɗa masa sunan a 1815, da Girkanci kuma yana nufin sarki. Faransawa na ce wa ɗayansu anax empereur. Mu fa? Mazari kawai ya yi faɗi, har ƙananan jajayen nan na bakin rijiya ya haɗa.

Ɗan Madarunfa: Wa alaikumus salam Malama. A Amurka suna kiran danginsu darner, wai don jikin ya yi kama da allurar ɗinki. Me zai hana mu ce mazarin allura?

Kawu na Tibiri: A'a yaro. Mazari ai da ma sunan abin kaɗin audugar kakarka ne. Ka ɗora masa allura, mai ji zai zaci kayan saƙa kake lissafi. Tunda kai ɗan bakin tabki ne, je ka tsaya da hantsi ka kalli namijin. Ba ya yarda ya sauka. Ya tafi ya dawo a kan yanki guda na ruwa, wani namiji ya shigo ya kore shi, ƙwaro ya gifta ya cafke ya cinye yana tashi. In ya gaji ma rataye kansa yake yi a reshe, wutsiya ƙasa. Sarkin mazari ke nan, ba sai an yi aro ba.

Ɗan Madarunfa: Na ji, Kawu. To amma ba iri ɗaya ba ne, kowanne sarki za a ce?

Malamar Kimiyya: Sai a bambanta su da kama. Anax imperator mai koren ƙirji da shuɗin ciki, tsawonsa ya kusa santimita 8, shi ne shuɗin sarkin mazari. Anax tristis, wanda ya wuce santimita 10, baƙin sarki. Wanda ya fi shafar mu shi ne Anax ephippiger. Launin rairayi gare shi, namijin na da tabo shuɗi a bayan gindin fukafukai. A kududdufan damina yake haihuwa, 'ya'yan su girma da wuri kafin ruwa ya ƙafe, sannan su bi iska su ƙetare Sahara. An sha ganinsa a Ingila, har Aisland ya taɓa kaiwa.

Kawu na Tibiri: Wancan tabon sirdi ne, Faransawa ma porte-selle suke ce masa, wato mai ɗauke da sirdi. Sarkin mazari mai sirdi. Ku bar shi haka, kada wani ya zo da "matafiyi".

Malamar Kimiyya: Na rubuta, Kawu. Jam'i kuma sarakunan mazari. Saura koren nan na Amurka, Anax junius. Wa ke da shawara?