Waifar bokswaja ta ƙi komawa mazauninta

Mai Kunkuru: Salam jama'a, don Allah bokswajar babana ce Beetle, tun da na canza waifa moto in na kashe sai ta tsaya cak a tsakiyar gilashi, ga damina ta kankama, me na ɓata?

Oga Rewaya: Ƙanina duba lambobin jikin moton, 53 gudun farko, 53b mai sauri, 53a kuma dole wuta ta zauna mata daga fiyus ko ka kashe suwic ɗin waifa, ita ke mayar da ita gida.

Ɗan Gareji: Gaskiya ne oga, in wayar lafiya lau buɗe murfin moton, tsohon giris kan toshe kwantak ɗin, goge shi.

Mai Kunkuru: Wallahi 53a ce, a sake take, na gode!